Akwatin Kaka: Darasin da Bahaushe Bai Ɗauko Ba Daga Indiya

A watan Oktoba na 2012 aka yi bikin Kareena Kapoor da Saif Ali Khan. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin a Fagge ko Tudun Wada ko Unguwar Rogo ba sai an gaya masa ko su wane ne waɗannan ba. Amarya ce mai halin da za ta sa a ɗinko mata duk abin da ranta ya raya mata, daga kowace ƙasa. Sai ga shi kayan da jaridun Indiya suka fi yayatawa a bikin tsofaffi ne: riga da faffaɗan wando da mayafi masu aikin zaren zinariya, waɗanda surukarta Sharmila Tagore ta saka a nata auren a ƙarshen shekarun 1960. Ita ma Sharmila, in ji jaridun, ta karɓe su ne daga tata surukar, Sajida Sultan ta gidan sarautar Bhopal, wadda aka kai ɗakin miji a 1939. Kayan kakar ango ke nan. Shekara 73 bayan auren kakar aka sake fito da su daga ajiya, aka ba mai tsara tufafi Ritu Kumar ta farfaɗo da su, matar jika ta saka ta shiga gidan.

Bahaushe ya daɗe yana kallon Indiya. Tun zamanin da Kwarori ke da gidajen silima a Kano, irin su Rex da Palace da Eldorado, ake cika benci don fim ɗin Indiya, kuma Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. 'Yan kallo sun raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, sun raɗa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya lura cewa tufafi na cikin abin da ya kusanto da zukata: maza da dogayen riguna, mata da lulluɓi, ga kunya tsakanin surukai, ga auren dole. Daga baya Kannywood ta ɗauko rawa da waƙa, Algaita ta sa jaruman Mumbai suna magana da Hausar Kano, gidajen biki na masu hali suka ƙirƙiro daren Indiya, inda 'yanmata ke fitowa da sari da ɗigo a goshi. An ɗauko kusan komai. Abin da aka baro a can shi ne wanda ya fi amfani: tsohuwar da ke buɗe akwatinta ta zaunar da jika ta ce wannan na wance ne, ga inda aka saƙa shi, ga ranar da aka saka shi, yanzu ya zama naki.

Ba sai an je Mumbai za a ga wannan ba. Yana faruwa a cikin Abuja.

Indiyawa ba baƙin jiya ba ne a Najeriya, kuma da tufafi suka fara shigowa. Kamfanin Chellarams ya buɗe harkarsa a Legas a 1923 da cinikin yadi. Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Legas a 1958, kafin Najeriya ta sami 'yanci. Dattawan Arewa da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 da wuya a rasa wanda malamin Indiya bai koya wa lissafi ko kimiyya ba, kuma shugaban farko na makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1964 Ba'indiye ne, Birgediya M. R. Varma. Lokacin da Firaminista Narendra Modi ya zo Abuja a watan Nuwamba na 2024, shekara 17 bayan zuwan Manmohan Singh, an ƙiyasta Indiyawan da ke zaune a ƙasar nan sun kai 60,000. Mafi yawansu suna Legas, amma akwai iyalai da dama a babban birnin tarayya, masu aiki a kamfanonin magani da gine-gine da asibitoci da sadarwa. 'Ya'yansu a nan aka haife su ko a nan suka tashi. Wasu sun fi sanin tsire da dafa-duka fiye da abincin garin kakanninsu.

A irin waɗannan gidajen kaka baƙuwa ce. Takan zo ta yi 'yan watanni, sau da yawa a daidai bikin Diwali, wanda kan faɗo a Oktoba ko Nuwamba. A cikin kayanta akwai yaji da gwangwanin mangwaro mai tsami, amma ƙasan akwatin sari ne, an naɗe kowanne cikin farin ƙyalle mara nauyi.

Sari yadi ne kawai, ba ɗinki, ba maɓalli, ba zif. Tsawonsa na yau da kullum yadi 6, daidai da turmin atamfa, wasu yankuna kamar Maharashtra kuma suna ɗaura mai yadi 9. Duk hikimar tana ga ɗaurin, shi ya sa ba ya koyuwa sai da hannun wani a kan naka. Yarinya za ta fara saka fatari ta tamke shi sosai a ƙugu, don shi zai ɗauki nauyin komai. Kaka ta soke bakin da ba shi da ado a gefen dama, ta zagaye jikin da shi sau ɗaya. Daga nan sai aikin yatsu: tana kama yadin tsakanin babban yatsa da manuni tana kai da komo, ninki biyar zuwa bakwai, kowanne faɗin tafin hannu, ta karkaɗe su su daidaita kamar shafukan littafi, ta soke su ƙasan cibiya suna fuskantar hagu. Ragowar ya sake zagayawa ya hau kafaɗar hagu, ɓangaren da ya fi ado, wanda suke kira pallu, ya zubo ta baya. A karon farko ninkin yakan warware kafin yarinya ta yi taku goma. Sai a sake. Ana cikin sakewar ne labari ke fitowa: wannan shuɗin daga Kanchipuram yake, kakanki ya saya shekarar da aka haifi babanki, wancan jan na Banaras ne, da shi aka kawo ni.

Wata mai bincike, Rta Kapur Chishti, ta tattara hanyoyin ɗaura sari har 108 a faɗin Indiya, kuma daga ɗaurin mace ana iya gane yankinta. A kudancin ƙasar akwai bikin da ake yi wa yarinya idan ta balaga, dangin uwa su kawo mata tufafin manya na farko. A birane kuma 'yanmata da yawa ranar bankwana da sakandare suke fara ɗaura sari, kuma galibi na uwa ko na kaka ake arowa.

Har ajiyar ma ilimi ce da ake miƙawa. Siliki mai zaren azurfa da aka shafe da zinariya yakan tsage a kan layin ninki idan ya daɗe a kwance, don haka duk bayan 'yan watanni ake fito da shi a sha iska a inuwa, a sauya masa ninki. Ana jefa ƙanumfari ko busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin saboda asu. Darbejiyar nan da ke ƙofar kowane gida daga Sakkwato zuwa Maiduguri asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin Turawan mulkin mallaka aka yaɗa ta a nan. Idan kuma sari ya tsufa ya fi ƙarfin sakawa, matan Bengal sukan jera uku ko huɗu su bi su da ƙananan ɗinkin hannu su zama bargon jariri, shi ne kantha. Jariri yakan kwana cikin tufafin kakar da bai riska ba.

To me ya sa tsohuwar Indiya take da abin miƙawa? Ba don ta fi kakar Bahaushe son jikoki ba ne. Dalilin shi ne masaƙin da ya yi mata sarin aure yana da magaji, kuma magajin yana nan kan aikinsa. Wannan kuwa ba haka kawai ya faru ba, an yi gwagwarmaya a kansa.

Lokacin da yadin masana'antun Ingila ya cika kasuwannin Indiya ya durƙusar da masaƙa, 'yan kishin ƙasa sun mai da tufafi makami. A ranar 7 ga Agusta 1905 aka ƙaddamar da yunƙurin Swadeshi na ƙaurace wa kayan waje. Mahatma Gandhi ya zo ya ɗauki keken kaɗi ya mai da shi alamar neman 'yanci, ya nemi kowa, babba da yaro, ya riƙa kaɗin zare kullum, shi kansa ya ajiye kwat ya koma ɗaura gyauto. Sarin da Indira Gandhi ta saka ranar aurenta a 1942 da zaren da mahaifinta Jawaharlal Nehru ya kaɗa a kurkuku aka saƙa shi, kuma shi Sonia ta saka da ta auri Rajiv a 1968. Jikar Indira, Priyanka, har yau jaridu kan nuna ta a wurin yaƙin zaɓe cikin sarin kakarta. Bayan 'yanci gwamnati ba ta saki abin ba. Dokar 1985 ta keɓe wa masaƙar hannu wasu nau'o'in tufafi, ciki har da wasu irin sari, ta hana inji yin su. Dokar 1999 ta ba da damar yi wa kaya rajista da sunan garin da ya shahara da su, silikin Kanchipuram ya sami tasa a 2005, na Banaras a 2009, ta yadda wanda ya buga nasa a wani gari ba shi da hurumin kiransa da wannan suna. Ƙidayar da aka yi a 2019 zuwa 2020 ta sami mutum kusan miliyan 3 da rabi suna cin abinci da saƙar hannu, fiye da kashi 70 cikin 100 mata ne. Tun 2015 kuma ake bikin ranar saƙar hannu duk 7 ga Agusta.

Kada a ɗauka masaƙan Indiya suna cikin daula. Masaƙan Banaras, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne da ake kira Ansari, suna kuka da injinan Surat da ke kwaikwayon aikinsu cikin awoyi, suna kuka da dillalai da ke cinye ribar, kuma da yawa daga 'ya'yansu sun gudu sun koma tuƙin keke. Sarin da mutum zai yi mako biyu ko wata guda yana saƙawa, ladan da ke shiga aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Amma sana'ar tana numfashi. Jikar da ta ji labarin Kanchipuram a wani bene a Wuse ko Utako za ta iya zuwa garin ta tarar da mutum a zaune yana haɗa gefen sari da jikinsa zare bayan zare, kamar yadda aka yi wa kakarta.

Akwai ma 'yan Najeriya da suka riga kowa gane darajar yadin Indiya, har suka mai da shi gadon gidansu. Mutanen Kalabari na Jihar Ribas, a Buguma da Abonnema, sun yi ƙarnuka suna sayen yadi mai gida-gida da ake saƙawa a yankin Madras, wato Chennai ta yau. Suna kiransa injiri, sauran mutanen kudu suna ce masa Joj. Matansu kan ɗauki allura da reza su riƙa ɗaga zaren mai haske ɗaya bayan ɗaya suna yankewa suna zarewa, har wani sabon zane ya fito a jikin yadin. Wannan aikin shi ne pelete bite, wanda Joanne Eicher da Tonye Erekosima suka rubuta littafi a kansa a 1982. Kowane babban gida yana da akwatunan yadi da aka gada tun kaka da kakanni, tsofaffin mata ne ke riƙe da su, su suka san sunan kowanne da wanda ya kawo shi, kuma idan babba ya rasu su ne ke fito da su su ƙawata gadajen makoki. Yadin na Indiya ne, amma tarihin da ke jikinsa na Kalabari ne, domin sun sa masa hannu, kuma sun ajiye.

Ina Bahaushe a nan? Abin takaicin shi ne ya fi Kalabari abin ajiyewa nesa ba kusa ba. Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi. Ya ga ana saƙa auduga ana rina ta a gida, ana kai ta Murzuk da Ghat da Tarabulus da Timbuktu, ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, ɗaya ne kawai cikin ɗaruruwa da ke ƙasar Kano a zamanin Barth. Kura ta shahara da turkuɗi mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa har shuɗinsa ya kama fata. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigon zabo, akwai barage mai ratsin alharini, akwai tsamiya wadda ake samu daga saƙar tsutsar daji, ga gwado, ga luru, ga rigunan Zazzau masu aska biyu da aska takwas. Kuma tushen wannan duka a tsakar gida yake, a hannun mata. Su ke gurzar auduga su fitar da angurya, su yi shiɓa, su zauna da mazari da alli a yatsa suna kaɗi, mai kauri ya zama abawa, siriri ya zama zare. Yarinya tana gefen kakarta take koyo, tana jin tatsuniya tana murza mazari.

Al'adar Bahaushe ma kamar da gangan ta tanadi kaka don wannan aiki. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Da an yaye shi sau da yawa ɗakin kaka ake kai shi. A can babu kunya sai wasa. Jika namiji maigida ne ko ango, mace kuwa kishiya ce. Tsohuwa takan ce, "Ke kishiya, zo ki riƙe mini bakin zanen nan, ko ɗaurin ma ba ki iya ba kike son ƙwace mini miji." Yarinya ta ce, "Kai Iya, wannan tsohon yayin wa zai saka?" Ana dariya ana cacar baki, amma kafin a tashi ta ji cewa wannan saƙin da shi aka goyi babanta, majanyin kuwa wata tsohuwa ce a ƙauyensu ta saƙa. Abin da uwa ba za ta iya faɗa wa 'yarta ba, kaka za ta faɗa cikin raha.

Saƙar hannu ta fara ja da baya tun da yadin Turai ya yi araha. Masana'antu suka zo suka ƙara matse ta: Kaduna Textiles a 1957 a zamanin Sardauna, sannan Arewa Textiles da UNTL da sauransu, amma aƙalla su audugar Funtuwa da Gusau suke ci, kuma 'ya'yan talakawa dubbai suke ɗauka aiki. Su ma suka faɗi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu, wutar lantarki babu, fasa-ƙwauri ya yi yawa. Yau a buɗe akwatunan lefe a kowane gida a Gwarinpa ko Maitama a duba: atamfar Holan, shaddar Getzner daga Ostiriya, leshin Siwizalan, gyalen Dubai, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya cike da na Sin daga Kantin Kwari ko kasuwar Wuse. Akwati goma sha biyu, ba a rasa ba, amma babu ƙyalle ɗaya da za a ce ga sunan garin Hausa da aka yi shi. Amarya ta zama kaka nan da shekara 40, me za ta ce wa jikarta game da su? Kuɗinsu kawai za ta iya tunawa.

Abuja ta ƙara wa lamarin gishiri. Birni ne da aka zana a takarda a 1976 aka tare a cikinsa a ranar 12 ga Disamba 1991, birnin ma'aikata da 'yan kwangila, gidajensa an gina su don miji da mata da 'ya'ya da ɗakin mai aiki a baya. Babu sashen tsohuwa. Kakar Bahaushe a nan baƙuwa ce kamar takwararta ta Indiya. Wankan jego ke kawo ta, ko ganin likita, ko biki. Tana zuwa da kuka da daddawa da man shanu da garin kunu, ta yi kwana arba'in tana dama kunun kanwa, ta fara ƙorafin cewa garin nan ba a shiga maƙwabta, a sa ta a mota ta koma. Adakarta tana can Katsina ko Zariya ƙarƙashin gado, da kafur a ciki, ba wanda ya ce ta zo da ita. Jikokin kuwa da Turanci suke gaishe ta. Ranar al'adu a makaranta sai uwa ta ruga kasuwa ta sayo kayan Fulani na inji, fari mai ratsin ja da kore, a ɗora wa yarinya ƙwarya a ka, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp. Washegari an manta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Alhali a cikin wannan yankin na birnin tarayya aka haifi hujja mafi ƙarfi a kan abin da tsohuwa ke iya miƙawa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ba a aji ta fara koyon ginin tukwane ba. A ƙauyen Kwali ta koya tun tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata, irin ginin Gbagyi na gargajiya. Sai da ta gwanance har sarakuna na ajiye tukwanenta sannan ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, daga nan duniya ta san ta. Kullum takardar tana yawo a hannun yaran Abuja, ƙalilan ne suka san cewa daga tsakar gida abin ya faro.

Wani zai ce ina ruwan Musulmi da al'adar masu bautar gumaka, sarin ma ai ciki a waje yake bari. Ba wanda ya ce 'yar Bahaushe ta ɗaura sari. Hasali ma mai wannan rubutu yana ganin daren Indiya a bikin Hausawa ɓarnar kuɗi ce da ta fi kyau a kai wa masaƙi. Maganar ita ce mutum ya san tufafin gidansu kamar yadda waɗancan suka san nasu, kuma wannan bai saɓa wa komai a addini ba.

Wani kuma zai kawo maganar gado, kuma wannan ta cancanci a tsaya a kanta. Idan tsohuwa ta rasu, suturarta tana cikin dukiyar da za a raba, kuma a gidaje da yawa magada kan yafe a yi sadaka da ita don ladan ya isa gare ta. Wannan abu ne mai kyau, kada a taɓa shi. Amma a nan ne tsohon saƙi da gwadon da suka shekara 60 ke bin tarin atamfofi su tafi, a hannun wanda bai san ko mene ne ba, ƙarshensu shimfiɗar awaki ko tsumman goge-goge. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Mace tana da ikon yin kyauta da abinta tana da rai da lafiya, ta damƙa shi hannu da hannu. Tana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba ga wanda ba magaji ba, kuma jika ta wajen 'ya mace, alal misali, ba ta cikin masu rabo. Cikin zannuwa arba'in a ware biyu, sauran a yi sadaka. Duk malamin unguwa zai iya bayyana yadda za a yi. Abin da ya rage shi ne 'ya'ya su daina jin nauyin tayar da zancen, su daina ɗaukarsa kamar fatan mutuwa.

Labarin ma yana bukatar a kama shi tun mai shi tana nan. Abin da aka sani yau game da rayuwar matan Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, aurensu da kaɗinsu da ƙawancensu, kaso mai yawa daga bakin tsohuwa ɗaya ya fito, Baba ta Karo, saboda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubutawa, littafin ya fito a 1954. Baba ta rasu kafin ya fito. Yau kowane jika yana da waya a aljihu wadda za ta ɗauki murya da hoto na awoyi. Idan Hajiya za ta zo Abuja hutun ƙarshen shekara, a roƙe ta ta sako tsofaffin zannuwanta biyu ko uku a jaka. A shimfiɗa su a falo, a kashe talabijin, a bar yaran su taɓa, su shinshina, su tambaya wa ya saƙa, nawa aka saya, wace shekara, wa ya rina. Za ta fara da cewa ba ta tuna ba. A ba ta minti goma.

Sai dai ajiya kaɗai ba ta isa ba idan ba a sake yin sabo. Har yanzu akwai marina a Ƙofar Mata, akwai masu rini da bugu a Kura, akwai masaƙa a ƙauyukan Kano da Katsina da Sakkwato, akwai matan birnin Zariya da suka haɗa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers tun shekarun 1990 suna aikin allura da hannu. Abin da suke nema mai saye ne. Da kowane ango a Abuja zai sa saƙi ɗaya na hannu a cikin lefe, a cire leshi ɗaya a madadinsa, da dangin amarya za su riƙa tambayarsa kamar yadda suke tambayar sarƙa da agogo, da masaƙin da ɗansa ya tafi acaɓa ya sami dalilin kiransa gida. Mata masu duba lefe suna da ƙarfin da babu wata hukuma da ke da shi, domin abin da suka yaba shi ake saye. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ita ma a 2015 aka fara ta kuma ake yi duk 26 ga Agusta, wuri ne da ya dace a ce kowa ya fito da tufafin da aka saƙa a gida, a gayyato tsofaffi su yi bayani, maimakon a cika ta da jawabai.

Gwamnati ma tana da nata kason, kuma ƙofa a buɗe take. Tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da fasaha da al'adu, wadda aka ba Hannatu Musawa. Cikin yarjejeniyoyi uku da aka sa wa hannu lokacin ziyarar Modi a 2024 akwai ta musayar al'adu. Bisa al'ada irin wannan takarda takan ƙare ne a tafiyar jami'ai da 'yan rawa. Wannan karon a tura marinan Kura da masaƙan saƙi da matan Zariya, tare da 'yan'uwansu masu aso-oke da masu saƙar Akwete da Okene da Bida, su je Tamil Nadu su zauna da ƙungiyoyin haɗin gwiwar masaƙa irin su Co-optex, wadda ke aiki tun 1935. Su ga yadda ake sayen zare a dunƙule, yadda ake buga hatimin da ke bambanta aikin hannu da na inji, yadda ake yi wa sunan gari rajista, da yadda ƙungiya ke buɗe shagonta a babban birni ba tare da dillali ba. Shagon farko kuwa a kasuwar Wuse ya kamata a buɗe shi, a layin masu kayan lefe.